Jar Rigar Ƙasimu Tsawa

"Lafiya lau muka kwana, sai yanzu da na gan ka."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ga ta nan dai ta jingine kekenta a zaure ta shigo."

"Madalla. Yaya yara? Yaya maigidan?"

"Maigidan yana gona, ka taki sa'a. Da yana nan, da sai ka kwashe masa kashin jaki kafin a ba ka ruwa."

A tsakar gidan Sauda ake wannan gaisuwa, a Karaye, wata rana da hantsi, zamanin En'e, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama. Sauda mai ƙuli-ƙuli ce. Tana zaune gaban murhu tana murza tunkuza tana jefawa cikin mai. Baƙon nata Jibo ne, tela daga Rogo. Uban Sauda da uwar Jibo ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne, kuma tun suna yawo ba wando ba wanda ya taɓa jin sun kai ƙarshen gaisuwa lami lafiya.

Jibo ya nufi tabarmar da ke shimfiɗe a inuwa.

"A'a! Ƙasa, bawan gidanmu. Tabarmar ta baƙin kirki ce."

"Bawa? Uwata ce ta goya ubanki, ta share masa majina. In gaskiya za a bi, a durƙushe ya kamata ki kawo mini ruwa."

"Ta goya shi don aikinta ke nan. Ɗan mace bawa ne ko da ya naɗa rawani. Me ka kawo mini?"

Jibo ya zauna a kan tabarmar ya miƙe ƙafafu, ya ciro curin mazarƙwaila daga aljihu ya ajiye mata. Sauda ta ɗauka ta jujjuya, ta sansana.

"Ikon Allah. Ashe har kun fara cin wani abu ban da rogo?"

"Mu dai sunan garinmu ana dafa shi a ci a ƙoshi. Naku fa? Mutum ya shigo da ƙafarsa lafiya, ya fita da karaya."

"Za ka fita da ita yau, in ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba. Ban taɓa ganin ka kawo zaƙi ba tare da wani ɗaci a bayansa ba."

Jibo ya gyara hula. Ya ce Malam Maikuɗi, hedimastan elemantaren Karaye, ya tara samarin da suka zo hutu daga makarantar Midil ta Kano, na Karaye da na Rogo, za su haɗu su buga ƙwallo da 'yan Gwarzo bayan salla. Bara 'yan Gwarzo suka zo har gida suka lallasa su, suka hau motar gyaɗa suka tafi suna waƙa. Bana Malam ya rantse yaransa ba za su sake shiga fili da singileti ba. Jajayen riguna yake so, irin na manyan makarantu, kuma Jibo ya bai wa ɗinkin.

"To ɗinka mana. Ni keken ɗinki ce?"

"Ban taɓa yanka irinsu ba. Wuyan da hannun suna da wani salo. Na ce bari in zo ki ara mini ta Ƙasimu, in warware ta in ga yadda Turawa suka yanka, in mayar miki yadda take."

Hannun Sauda ya tsaya cak a cikin tunkuza.

Ƙasimu ƙanenta ne. A zamaninsa shi ne ɗan gaban 'yan ƙwallon Midil, ana ce masa Tsawa. Ranar da suka ci 'yan Zariya, Baturen makarantar ya bar masa rigar da ya buga wasan da ita. Daga baya ya shiga soja aikin akawu, aka tafi da shi Bama, bai dawo ba. Rigar ce kaɗai ta rage, tana cikin adakar Sauda. Ita kuwa Sauda ba wai labarin ƙwallo take ji a bakin mutane ba. Filin elemantare bayan katangarta yake, kuma akwai wani tsohon turmi a kife gindin katangar. Tun zamanin Ƙasimu, da ta ji usur sai ta hau kai, ta ɗora haɓa bisa katanga. Duk Karaye an san muryarta ko da ba a san fuskarta ba.

"Ka warware me?"

"Ɗinkin kawai. Ba zan sa almakashi ba."

"Kai da ka ɗinka wa mijina wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo?"

"Ƙafar mijinki ce ɗaya ta fi ɗaya. Ni abin da na auna na ɗinka."

"Kuma in ka gama wa zai sa kwaikwayon? Wannan ɗan naka Lukumanu?"

"Har da shi. Me ya yi?"

"Ai matsalar ke nan, bai yi komai ba. Jibo, ka ji tsoron Allah. Rigar Tsawa za ka kwaikwaya ka rataya wa Masinja?"

"Kada ki ƙara kiransa haka."

"Me zan kira shi? Yaro ya yi ta gudu a fili kamar an aike shi kasuwa ya manta saƙon. Ya bi wannan, ya bi wancan, ya sha wuya ya ƙwato ƙwallo. Sai ka ce yau dai za a ga abu. Sai ya ɗaga kai ya nemo Sulle ɗan Sarkin Fawa ya miƙa masa, kamar mai kai goron ɗaurin aure. Ya juya ya koma neman wata. Kazar da take ratsa filin nan ta fi shi kusantar sandunan gida."

"Aikinsa ke nan. Ɗan tsakiya ne."

"Ɗan tsakiya! Tsakiyar me? Ƙasimu, Allah ya ji ƙansa..."

"Amin."

"...in ƙwallo ta taɓa ƙafarsa ta gama yawo. Wata rana a filin nan ya ɗirka mata ƙafa, aka neme ta aka rasa. Sai washegari wani Bafillatani ya kawo ta a cikin ƙwarya, ya ce a Kafin Dafga ta faɗo masa tsakiyar shanu."

"Ni Beli na ji an ce."

"To ka ji. Ta ma fi nisa."

"Kin ga bai ci ba ke nan. Sanduna ga su nan bayan katangarki, shi ya aika ta Beli. Lukumanu in ya nufi mutum da ƙwallo, a ƙafarsa take sauka."

"Saboda ba ta da ƙarfin wucewa! Je ka tambayi golan Zariya. Ya kuskura ya sa hannu ya tare bugun Ƙasimu, har yau da hagu yake cin tuwo."

"Ke, Sauda, ina wurin. Lokacin ina ɗinki a Fagge, na rufe keke na tafi kallo. Mutumin nan bai sa hannu ba. Kwanciya ya yi ya rufe kai."

"Ya fi ka hankali."

"Ban ce bai fi ni ba. Ni ma da ni ne da na kwanta. Amma bari in faɗa miki abin da ba a gani daga kan turmi. Ƙanenki marowaci ne."

"Wa? Ƙasimu? Yaron da yake raba kuɗin tararsa?"

"Ya raba komai, ban da ƙwallo. Kin tuna Daudu, wanda yake buga gefensa? Tun daga shigarsu makaranta har fitarsu, Daudu bai taɓa ƙwallo ba sai in ta faɗa gona an ce ya je ya ɗauko. Yana ɗaga hannu yana kiran 'Tsawa, ga ni! Tsawa, ga ni!' har muryarsa ta dushe. Yanzu ma ladanci yake yi a Rogo Ruma, a filin ƙwallo ya koyi kira."

Sauda ta yi dariya har ta kusa zubar da mai, sannan ta tuna da kanta ta haɗe rai.

"Ya ba Daudu ya yi me da ita? Mutum yana da ƙafar da za ta kai kaya gida, sai ya tsaya neman ɗan dako? Ƙasimu in ya taso daga tsakiyar fili, ya yanke wannan, ya yanke wancan, sai ka ga mutane suna zubewa kamar ana girbin dawa. Ga tsawo, ga ƙirji. In zai shigo ƙofar ɗakin nan sai ya sunkuya, ya karkata kafaɗa."

"Girma dai na ba shi. Shi ya sa ma nake tsoro. In na yanka daidai da tasa, yadin Malam Maikuɗi zai ƙare ban kai rabin yaran ba. Sai na rage."

"Ka rage sosai. Naka in ya shiga ta Ƙasimu, sai an aika mutum da fitila ya nemo shi a ciki."

"Na ji. To amsa mini wannan. Sullen da kuke tinƙaho da shi, wa yake ba shi ƙwallon da yake ci?"

"Allah."

"Ta hannun wa?"

"Ta ƙafa ake bugawa, jahili."

"Ta ƙafar wa? Bara da kurkunu ya kwantar da Lukumanu bai buga ba, me ya faru? Sulle ya tsaya a gaba ya riƙe ƙugu tun daga usur na farko har na ƙarshe, kamar mai jiran mota a tasha. Ba abin da ya iso shi sai rana. 'Yan Gwarzo suka yi ta zirga-zirga a tsakiyar filinku kamar gonar ubansu. An ce a ranar an ji wata mata a bayan katanga tana zagi har da Fillanci."

"Ban san ta ba."

"An ce har ta jefi alƙalin wasa da ƙuli-ƙuli."

"Ya ɗauka ya ci kuwa, maras kunya. Kai, rabu da ni. Bara iska ce ta ci mu."

"Iska ce ta hana Sulle motsi?"

"Sulle malalaci ne, wannan kowa ya sani. Ba ya komowa baya, ba ya neman ƙwallo, jira yake a sa masa a baki. Ranar nan a hutun da ya wuce, da suna wasa tsakaninsu, ba don yaron nan ya juya wa mai tsaronsa baya ba, ya bari ƙwallon ta zo kamar zai tare ta, sai kawai ya goga mata dunduniya ta bi ta tsakanin ƙafafun mutumin ta fita daidai inda Sulle..."

Ta farga da abin da take faɗa. Jibo ya tallafe haɓa yana kallonta, bakinsa har kunne.

"Ci gaba mana. Wane yaro?"

"Wani yaro."

"Ɗan wane gari?"

"Ban tambaye shi ba."

"Da dunduniya kika ce? Ta tsakanin ƙafafu? Ashe daga kan turmi ana ganin dunduniyar Masinja."

"Tuntuɓe ya yi! Ƙwallon ce ta buge shi ta wuce. Kai, tashi ka bar mini gida, ka cika ni da surutu tunkuza tana sanyi."

Jibo bai tashi ba. Ya tsinci wani ɓawon gyaɗa a kan tabarma yana murzawa, dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Sauda, rigar ba ita kaɗai ta kawo ni ba. Lukumanu ya ce ba zai buga ba."

"Kurkunun ne ya dawo?"

"Ƙafarsa lafiya lau. Sunan nan ne. Ke kika fara kwaɗa masa shi daga kan katanga, yara suka ɗauka. Sulle ya tafi da shi Kano a baki. Yanzu duk makaranta ba mai ce masa Lukumanu. Ya dawo Rogo, ya je sayen kalanzir, yaran unguwa suka bi shi suna 'Masinja, ina wasiƙa?' Jiya Malam Maikuɗi ya aiko a kira shi, yaron ya ce a faɗa wa Malam ya nemi wani. Ya ce ko'ina zai buga a duniya, ban da filin da ke bayan katangar Goggo Sauda."

"Goggo ya ce?"

"Me zai ce? Goggonsa ce ke."

"Ai wasa nake yi."

"Na sani. Amma da ni kike da wasa, ba da shi ba. Ni ki kira ni bawa, ki kira ni jaki, in rama. Shi ɗanki ne, da wane baki zai rama? Sai dai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da gudu."

Sauda ta ɗauki matsami ta juya abin da ke cikin kasko, ta ajiye. Ta dubi katanga.

"Kai ma da laifinka. Ka haifi yaro mai zuciya kamar ta Bafillatani, ba ka gaya wa mutane ba."

"Wajen kakarsa ya gado. Jininku ne."

"To in bai buga ba wa zai tsaya a tsakiya?"

"Malam ya ce sai dai ƙanen Sulle."

"Wa? Wannan mai ƙafa kamar muciya? Inna lillahi! Wallahi 'yan Gwarzo har cikin zauren nan za su biyo mu da ƙwallo. Bara waƙarsu sai da ta yi wata tana yi mini yawo a kunne."

"To kin dai ji."

Ta miƙe, ta goge hannu a gefen zane, ta shige ɗaki. Jibo ya ji ana jan adaka, ya ji ƙarar murfi, ya ji ana sauke kwanoni. Ta daɗe. Da ta fito tana rungume da wani ƙunshi a cikin tsohon saƙi. Ta zauna a bakin tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba in yana kai.

"Tun rasuwar Inna ban kwance shi ba. Je ka wanke hannu."

"Hannuna tas yake."

"Hannun Rogo ne. Wanke."

Ya ɗauki buta ya wanke, ya dawo. Ta kwance ƙullin, ta ɗaga rigar ta kafaɗu biyu, ta girgiza ta a hankali ta shimfiɗa a kan tabarma. Ja ce, ta ɗan koɗe a kafaɗa, da farin wuya da igiyar ɗaurewa a ƙirji.

Duk su biyun suka tsaya suna kallonta.

Jibo ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora a ƙirjin rigar, yadda tela yake yi in ba magwaji kusa. Ya matsa da shi gefe. Hannun ya ƙare rigar tun bai yi nisa ba. Ya sake aunawa daga wuya zuwa ƙasa.

"Sauda, wannan ce?"

"Wace ce in ba ita ba?"

"Wannan ai rigar yaro ce."

"Ta shige ne. Kayan Turawa haka suke, da sun ga ruwa sai su tsuke."

"Ba ta ga ruwa ba. Dubi nan, ga jar ƙasa a gefe inda ya faɗi. Inna ba ta bari an wanke ba. Kuma yadin da ya shige ɗinkinsa yakan tattare. Wannan a miƙe yake."

Sauda ta sa yatsa ta shafa wurin ƙasar. Ta ɗaga hannun rigar, ta ga bai fi nata kauri ba.

"Amma ai yana sunkuyawa a ƙofar nan. Na rantse yana sunkuyawa."

"Ƙofar ce gajera. Ni ma ina sunkuyawa." Jibo ya dubi ƙofar ɗakin, sannan ya ce, "Ni fa da na gan shi a Kano, na ɗauka ya fi kowa tsawo a filin. Har yanzu in na rufe ido haka nake ganinsa."

"Ranar da zai tafi," in ji Sauda, "ya ari rezar Baba wai zai yi aski irin na soja. Baba ya ce me za ka aske, gashin bai fito ba. Muka yi ta yi masa dariya." Ta ja bakin mayafi ta goge ido. "Ashe bai kai Lukumanu ba ma."

"Lukumanu ya fi shi kafaɗa."

"Allah ya ji ƙanka, Ƙasimu."

"Amin. Allah ya sa ya huta."

Sai wani ƙauri ya cika gidan. Sauda ta zabura.

"Wayyo ƙuli-ƙulina! Ka gani ko? Ka gani, baƙin ƙafa? Kasko guda ya zama gawayi!"

"Kai wa 'yan Gwarzo, ki ce tsaraba ce."

Ta sauke kaskon tana sababi, ta kwashe baƙaƙen ta watsa wa kaji, kajin suka sansana suka wuce. Kafin ta dawo Jibo ya juya rigar ciki waje, ya bi wuyan da ido, ya bi hammata, ya mayar da ita yadda take. Ya fara naɗewa.

"Na ga abin da nake so. Ba sai na warware ba. Ungo, mayar da abarki."

Sauda ba ta karɓa ba. Ta tsaya a kansa riƙe da matsami.

"Ka ce ya fi shi kafaɗa?"

"Nesa ba kusa ba."

"To in an buɗe gefe da gefe aka sa ƙari, za ta shige shi?"

Jibo ya ɗaga kai ya dube ta.

"Za ta shiga. Amma sai na sa almakashi."

"Na san da me ake ɗinki. Ka sa. Amma ka ji sharaɗina. Wurin ƙasar nan kada ka taɓa shi, kada matarka ta ga datti ta kai rafi. Kuma ƙarin ya zama ja sosai, ba irin jan Rogo mai kama da ruwan goro ba."

"Sauda, kin tabbata?"

"Tana cikin adaka tana jin warin daddawa, wa ta amfana? Rigar fili ce. Ka kai masa, ka ce in ji goggonsa. Ka ce mai rigar bai taɓa ba kowa ƙwallo ba, to ga shi yau ya ba da riga, sai ya san yadda zai yi da ita."

"Sunan fa?"

"Wane suna? Ni ban san wani suna ba. Duk ɗan da na ƙara ji ya faɗe shi a filin nan, da tafasasshen mai zan bi shi. Har Sullen. Shi ma ya shirya, na yi masa nasa sunan, yana nan ina ajiye da shi."

"Me za ki ce masa?"

"Ka zo ranar ka ji."

Jibo ya naɗe rigar cikin saƙin. Da suka fito zaure ya dubi bayan kekensa inda yake ɗaure kaya, ya fasa. Ya ɗaga babbar rigarsa ya zura ƙunshin a aljihun ƙirji, ya dafe da hannu.

"To kin yarda ke nan Lukumanu ya fi."

"Ya fi wa? Kafaɗa na ce, ban ce ƙafa ba. Yaronka yana da ido, yana da kai, ba ya gajiya. In ana neman wanda za a ci wasa da shi, a ɗauke shi. Amma in ana neman wanda mace za ta bar mai a wuta ta hau katanga dominsa, wannan an yi shi sau ɗaya, an gama."

Jibo ya tura keken zuwa bakin ƙofa. Ya ɗora ƙafa a feda, ya tsaya, bai juyo ba.

"Ranar wasan Zariya," ya ce a hankali, "da ya ci ta ƙarshe, na jefa hulata sama ban ƙara ganinta ba. Da kai a buɗe na koma Fagge. Ba a sake yin kamarsa ba, Sauda."

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Maimaita! Ɗaga murya maƙwabta su ji! Jama'a, ku fito, mutumin Rogo ya faɗi gaskiya, yau za a yi ruwa!"

"Ƙarya take yi, jama'a, hayaƙi ne ya bugar da ita!"

Ya haye keke yana dariya har yana tangaɗi. Sauda ta koma da gudu ta dumbuzo ƙuli-ƙuli mai kyau a cikin ƙwarya, ta ƙulle a ganye, ta leƙo ta zaure ta wurga masa. Ya saki kan keken ya cafe da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙirji, keken ya nufi kwata, da ƙyar ya tare da ƙafa.

"Na yaron ne!" ta ɗaga murya. "In ka ci ko ɗaya a hanya, Allah ya isa!"

Jibo ya kwance ganyen a gabanta, ya zaɓi mafi girma, ya jefa a baki, ya taka keke ya yi gaba yana gurgura.